Tarihin Naɗe Ginshiƙan Kankare da Ƙyallen Zare

Naɗe ginshiƙin kankare da ƙyallen zare hanya ce ta ƙara wa tsohon gini ƙarfi ba tare da an rushe shi ba. Ana ɗauko ƙyallen da aka yi da zaren kabon, ko na gilashi, ko na aramid, a jiƙa shi da wani gam mai ƙarfi da ake kira efoksi, a zagaye ginshiƙin da shi. Idan gam ɗin ya daskare, shi da zaren sun zama abu guda mai tauri, wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba, amma yana riƙe kankaren tam ya hana shi buɗewa. Injiniyoyi suna kiran wannan haɗi FRP. Dabarar ta shiga aikin gini a shekarun 1980, ta bazu a shekarun 1990. Tushenta kuwa biyu ne, kuma duka sun girme ta: sanin yadda kankare yake karyewa, da zaren da aka ƙirƙiro domin jiragen sama. Girgizar ƙasa a Kalifoniya da Japan ce ta haɗa su wuri guda.

Yadda ginshiƙi yake karyewa

Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ya danne shi, amma rago ne idan aka ja shi. Ƙarfinsa na jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jure danni ba. Wannan ne ya sa aka fara saka masa ƙarfe a ciki. Wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti masu ragar ƙarfe a 1867, sannan François Hennebique ya fito da cikakken tsarin gini da kankare mai rodi a 1892.

Ginshiƙin da nauyi ya danne yana gajarta kaɗan, yana kuma kumbura ta gefe. Idan nauyin ya yi yawa, sai ƙananan tsage-tsage su fito a tsaye, fatar waje ta ɓare, rodin da ke tsaye ya lanƙwashe ya fito, cikin ginshiƙin ya farfashe ya zube. Abin da ke hana haka shi ne wani abu da zai ɗaure kankaren ta gefe. Yashin da aka tsibe a ƙasa yana bajewa da zarar an taka shi, amma wanda aka ɗura a buhu aka ɗaure yana ɗaukar nauyin mutum, ya ma ɗauki na wasu buhunan a kansa. Ba yashin ne ya canja ba, buhun ne ya hana shi hanyar gudu.

A farkon ƙarni na 20 injiniyan Faransa Armand Considère ya nuna cewa ginshiƙin da aka zagaye cikinsa da murɗaɗɗen rodi yana ɗaukar nauyi fiye da wanda ba shi da shi, kuma ba ya karyewa farat ɗaya. A 1928 Richart da Brandtzaeg da Brown na Jami'ar Illinois suka sa wa abin lissafi: duk matsin da aka yi wa kankare ta gefe yana ƙara masa ƙarfin ɗaukar nauyi da kimanin ninki 4.1 na wannan matsi. Har yau ana komawa ga wannan lissafi. Sai dai magina na wancan zamani ba su ba zoben rodi muhimmancin da ya kamata ba. A ganinsu aikin zobe shi ne ya riƙe dogayen rodi a tsaye har a gama zuba kankare, don haka suka riƙa sa shi siriri, da tazara mai faɗi.

Zare da gam

Kayan naɗin daga wata sana'a dabam suka fito. An fara yin zaren gilashi da yawa a Amurka a shekarun 1930, kuma a 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning domin wannan aiki. Gam ɗin efoksi ya samu ne daga binciken Pierre Castan a Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka, ya shiga kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi kuwa zaren kabon hannu uku ya ratsa. Roger Bacon ya samar da zare mai matuƙar ƙarfi a ɗakin binciken Union Carbide a 1958. Akio Shindo a Osaka ya gano yadda ake gasa zaren roba na akirilik ya koma kabon. Masu binciken jiragen sama na Farnborough a Ingila suka inganta hanyar a 1963. Kamfanin Toray na Japan ya fara sayar da shi a 1971. A tsakanin haka, a 1965, Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont ta gano sinadarin da ya zama zaren aramid, wanda aka fi sani da sunan Kevlar.

Zaren kabon da ake amfani da shi a gini ya fi rodi ƙarfin jure ja da ninki bakwai zuwa goma, nauyinsa bai kai rubu'in na ƙarfe ba, kuma ba ya tsatsa. Tsada ce ta tsare shi a jiragen sama da rokoki da sandunan wasan golf shekara da shekaru. Sai da farashi ya fara sauka, masana'antun Japan kuma suka shiga neman sabuwar kasuwa, sannan hankali ya karkato ga gini.

Darasin Kalifoniya

A ranar 9 ga Fabrairu 1971 girgizar ƙasa ta auka wa San Fernando, arewa da birnin Los Angeles. Gadojin manyan tituna sun faɗi, sabon asibitin Olive View ya lalace. Da aka duba ginshiƙan gadojin, sai aka ga ciwonsu ɗaya. Al'adar lokacin ita ce a sa zobe mai kaurin milimita 13 a kowane santimita 30, ko ginshiƙin ƙarami ne ko ƙato, kuma bakin zoben ba a lanƙwasa shi ya shige cikin kankare. Ga shi kuma ana haɗa dogayen rodi da na fandisho daidai gindin ginshiƙi, wurin da girgiza ta fi murɗawa. Da fatar waje ta ɓare, sai zobe ya kwance, rodi ya zame.

An gyara ƙa'idar sababbin gadoji nan da nan, amma dubban tsofaffi suna nan tsaye, motoci na bin su dare da rana. Hukumar sufuri ta jihar, Caltrans, ta fara da ɗaure sassan gadoji da igiyoyin ƙarfe don kada su zame daga mazauninsu. Girgizar Whittier ta 1987 ta tuna wa kowa cewa ginshiƙan kansu suna da rauni. Ta Loma Prieta, a ranar 17 ga Oktoba 1989, ta yanke duk wata gardama: saman gadar Cypress mai hawa biyu a Oakland ya rufta kan na ƙasa, mutum 42 suka rasu a nan kaɗai.

Maganin farko da ya samu karɓuwa shi ne rigar ƙarfe, wadda Nigel Priestley da Frieder Seible suka gwada a kan manyan ginshiƙai a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Ana lanƙwasa faranti biyu na ƙarfe, a rungume ginshiƙi da su, a yi walda, a cike tsakani da ruwan siminti. Idan ginshiƙin mai kusurwa huɗu ne, sai a yi masa riga mai siffar ƙwai. Girgizar Northridge ta 17 ga Janairu 1994 ta gwada wannan aiki: wasu gadojin da ba a kai ga gyara su ba sun faɗi, har da wani sashe na babban titin Santa Monica, amma ginshiƙan da aka sa wa riga sun tsaya. Ta nan aka tabbatar cewa abin da magini ya bari a ciki ana iya mayar da shi daga waje. Matsalar rigar ƙarfe ita ce nauyi. Tana buƙatar injin ɗaga kaya, da ƙwararren mai walda, da fili, da awo na musamman ga kowane ginshiƙi, sannan tana tsatsa.

Shigowar zare

Tun a 1981 Michael Fardis da Homayoun Khalili suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Amurka kan ƙananan kankare da aka lulluɓe da zaren gilashi, inda suka ga ƙarfi da juriya sun ƙaru ƙwarai. Amma a Japan ne dabarar ta fara fita daga ɗakin gwaji. Ƙasar ta riga ta ɗanɗana irin wannan ciwo a girgizar Tokachi ta 1968, wadda ta tsarge gajerun ginshiƙan makarantu, ta sa aka matse tazarar zobe a dokar gini ta 1971. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin gine-gine na Obayashi ya haɗa kai da Mitsubishi Kasei suka riƙa naɗe ginshiƙai da zaren kabon. Masu binciken, Katsumata da abokan aikinsa, sun gabatar da sakamakon a taron duniya kan injiniyancin girgizar ƙasa da aka yi a Japan a 1988. Dogayen bututun hayaƙi na masana'antu suna cikin gine-ginen farko da suka amfana, domin a can sama ƙarin nauyi haɗari ne, ɗaga ƙarfe kuma wahala. Daga baya kamfanin Tonen da Mitsubishi suka fito da ƙyalle mai zare a jere ta fuska guda, wanda ake naɗewa a yanka da almakashi, aikin ya koma abin da mutum uku ko huɗu za su yi da hannu.

A Turai hanyar ta biyo ta wata ƙofa. Tun shekarun 1960 ake manna farantan ƙarfe a ƙarƙashin bim da efoksi a Faransa da Afirka ta Kudu, amma tsatsa takan shiga tsakanin faranti da gam. Urs Meier na cibiyar gwajin kaya ta Empa a Suwizalan ya fara bincike a shekarun 1980 kan maye gurbin ƙarfen da kabon. Damar gwadawa ta zo a 1991 a gadar Ibach kusa da Lucerne, inda masu huda domin kafa alamun hanya suka yanke wasu wayoyin ƙarfe da ke riƙe da gadar. Gyaran da zai ci kilo 175 na farantin ƙarfe an yi shi da kilo 6.2 na kabon, daga kan motar ɗaga ma'aikata, ba tare da an kafa katakon hawa ba. Aikin Ibach na bim ne, amma shi ya gamsar da injiniyoyin Turai cewa ana iya dogara da zare da gam.

A Kalifoniya kuwa, Edward Fyfe ya kafa kamfaninsa a 1988, ya fito da tsarin Tyfo na ƙyallen zaren gilashi, aka gwada shi a ɗakin binciken San Diego kafaɗa da kafaɗa da rigar ƙarfe, ya nuna kusan aiki ɗaya. Kamfanin XXsys ya ƙera injin da ke zagaya ginshiƙi yana naɗa zaren kabon da kansa. Wasu kuma suka riƙa yin rigar zaren a masana'anta, a kawo ta a buɗe a rufa wa ginshiƙi a manne. Da irin wannan aka gyara ginshiƙai fiye da 3,000 na doguwar gadar Yolo kusa da Sacramento a ƙarshen shekarun 1990.

Girgizar Kobe ta 17 ga Janairu 1995, shekara guda cif bayan ta Northridge, ita ta mayar da naɗin zare babbar sana'a. Mutum fiye da 6,000 suka rasa rayukansu. A kan babban titin Hanshin, ginshiƙan wani sashe mai tsawon kimanin mita 630 suka karye, gadar ta kife ta gefe guda. An gina ta ne a ƙarshen shekarun 1960, da ƙarancin zobe da rodin da aka yanke tun bai kai inda ya kamata ba. A shekarar girgizar ce Japan ta kafa dokar ƙarfafa tsofaffin gine-gine. Rigar ƙarfe ta ɗauki kaso mai yawa na aikin gadoji da layukan dogo, amma inda wuri ya ƙure, kamar tashoshin ƙarƙashin ƙasa da shagunan da ke ƙarƙashin gadojin jirgi, ƙyalle ne mafita. Hukumomin jirgin ƙasa sun so aramid musamman, domin ba ya ɗaukar wutar lantarki. Cikin 'yan shekaru yawan ƙyallen da ake amfani da shi a ƙasar ya ninka sau da dama.

Yadda ake aikin

Mafi yawan wahalar naɗi tana wajen shirya ginshiƙin ne. Ana sassaƙe duk kankaren da ya ruɓe, a kankare tsatsar rodi, a cike ramuka, a ɗura gam a cikin manyan tsage-tsage. Sai a gurza fuskar da inji har tsakuwa ta fara leƙowa, a share ƙura, a tabbata ba damshi. Idan ginshiƙin mai kusurwa ne, dole a gurje kusurwoyin su yi kumbo, domin kaifin kusurwa yana tsinka zare. Ƙa'idar Amurka ta ce kumbon kada ya gaza milimita 13, kuma yawan kumbo yawan amfani.

Efoksi gwangwani biyu yake zuwa, ana auna su a gauraya, kuma daga lokacin da suka haɗu agogo ya fara aiki, domin nan da ɗan lokaci zai yi kauri ya ƙi shafuwa. Ana shafa shi da rola, a ɗora ƙyallen yadda zaren zai kwanta ya zagaye ginshiƙin kamar zobe, a bi shi da wata rola mai tsaga-tsaga ana dannawa ta inda zaren ya nufa, har gam ya ɓulɓulo ta tsakanin zaren, iska ta fita. Ƙarshen ƙyallen yana hawa kan farkonsa da santimita 10 zuwa 20 ko fiye, kuma ba a bari mahaɗar falle na biyu ta faɗa daidai ta na farko. Ƙyalle mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita kaurin zarensa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, saboda haka ko falle biyar aka jera, da ƙyar ido zai ga ginshiƙin ya ƙara kauri. Bayan ya bushe, mai duba aiki yakan bi shi yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Inda ya manne sauti yakan fito a cike, inda iska ta maƙale kuma sai a ji holoƙo, a yi alama da alli a dawo a ɗura gam. Daga ƙarshe a shafa fenti ko a yi filasta don kare shi daga rana da wuta.

Aiki uku naɗin yake yi. Yana matse kankare ya ƙara masa ƙarfi da juriyar lanƙwasa, yana tare tsagewar karkace da ke raba ginshiƙi biyu lokacin girgiza, yana kuma danne mahaɗar rodi ta gindi don kada ta zame. Da yake zaren a kwance yake, ba ya sa ginshiƙi ya sandare, kuma wannan riba ce, domin ginshiƙin da ya fi sauran sandarewa shi ne ke jawo wa kansa da fandishonsa mafi yawan ƙarfin girgiza.

Lissafi da ƙa'idoji

Da farko an riƙa aron lissafin da Mander da Priestley da Park suka fitar a 1988 domin zoben ƙarfe, sai aka ga bai dace ba. Ƙarfe idan ya kai iyakarsa yakan saki jiki ya ci gaba da miƙewa, matsinsa ya tsaya a wuri ɗaya. Zare ba ya sakin jiki. Iya kumburin kankare iya ƙaruwar matsinsa, har zuwa lokacin da zai tsinke gaba ɗaya da ƙara mai ƙarfi. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa zaren da ke jikin ginshiƙi yana tsinkewa tun bai kai miƙewar da yake yi a injin gwaji ba, sau da yawa a wajen kashi 60 cikin 100 nata. Lam da Teng na Jami'ar Polytechnic ta Hong Kong sun gina lissafinsu na 2003 a kan wannan, kuma shi ƙa'idar Amurka ta ɗauka daga 2008.

Ƙa'idojin sun fito kusan a jere. Ƙungiyar kankare ta Birtaniya ta fitar da nata a 2000, ƙungiyar injiniyoyin Japan da ƙungiyar kankare ta duniya mai suna fib suka fitar a 2001, Cibiyar Kankare ta Amurka a 2002, Sin a 2003, Italiya a 2004, Masar kuma a 2005. Turkiyya, wadda girgizar Izmit ta 1999 ta yi wa mummunar ɓarna, ta saka naɗin zare a dokarta ta 2007. Bayan girgizar L'Aquila ta 2009 an yi amfani da shi sosai wajen gyaran gidaje a Italiya. Amfaninsa ya kuma wuce batun girgiza. A Kanada da arewacin Amurka ana naɗe ginshiƙan da gishirin narkar da ƙanƙara ya ci. A Ingila an naɗe ƙafafun gadoji da aramid saboda karon manyan motoci. Bayan harin bam na Oklahoma a 1995 an riƙa naɗe ginshiƙan wasu gine-ginen gwamnati don su jure fashewa. A ko'ina kuma ana amfani da shi idan za a ƙara wa gini hawa ko a canja masa aiki.

Iyakokin dabarar

Naɗi ya fi aiki a ginshiƙi mai kewaye, inda matsin yake daidai ta kowace fuska. A mai kusurwa huɗu, kusurwoyi da tsakiya ne kawai ke matsuwa, gefunan kuma su kumbura, shi ya sa ƙa'idar Amurka ba ta yarda a dogara da matsin ba idan faɗin ginshiƙi ya wuce ninki biyu na kaurinsa, ko fuska ɗaya ta wuce santimita 90. Siririn dogon ginshiƙi da ke faɗuwa ta hanyar lanƙwashewa ba ya samun wata riba mai yawa, haka nan naɗi ba ya gyara fandishon da ke nutsewa.

Zafi ne babban abokin gaban efoksi. Irin wanda ake gaurayawa a wurin aiki yana fara laushi tsakanin digiri 60 zuwa 82 a ma'aunin Salshiyas, kuma gobara tana wuce haka cikin mintuna. Don haka ƙa'idoji suka shar'anta cewa ginin ya iya ɗaukar nauyinsa na yau da kullum ko da naɗin ya lalace. A ƙasashe masu tsananin rana, baƙin ƙyallen da ke fuskantar hantsi yana iya kusantar wannan zafi, gam kuma yana saurin daskarewa a bokiti, sai a zaɓi mai jure zafi, a yi aiki da sassafe ko da dare, a rufe da farin fenti. Idan aka naɗe ginshiƙi ba a magance tsatsar ciki ba, tana iya ci gaba a ɓoye. Zaren kabon kuma ba a bari ya taɓa ƙarfe kai tsaye, domin haɗuwarsu cikin damshi tana hanzarta tsatsar ƙarfen. Zaren gilashi ya fi araha, amma yana raunana idan ya daɗe cikin ja ko cikin damshi, shi ya sa ake rage masa ƙima a lissafi fiye da kabon.

Waɗannan matsaloli na gam ne suka haifar da mataki na gaba. Daga tsakiyar shekarun 2000, masu bincike irin su Thanasis Triantafillou na Jami'ar Patras a Girka suka gwada maye gurbin efoksi da kwaɓin siminti mai laushi, tare da ragar zare mai manyan idanu da kwaɓin zai ratsa. Ƙarfin matsinsa bai kai na efoksi ba, amma yana jure wuta, yana kama jiƙaƙƙiyar fuska, yana barin gini ya fitar da damshi, abin da ya sa ya samu karɓuwa a tsofaffin gine-ginen tubali da dutse. Cibiyar Kankare ta Amurka ta fitar masa da ƙa'ida a 2013. An kuma shigo da zaren da ake yi da narkakken dutsen basalt, wanda farashinsa ya fi kusa da na gilashi. A yau injiniyan da zai ƙarfafa tsohon ginshiƙi yana zaɓa ne tsakanin ƙara masa kankare da rodi, da rigar ƙarfe, da ƙyallen zare da efoksi, da ragar zare da siminti, gwargwadon siffar ginshiƙin, da ingancin kankarensa, da filin aiki, da haɗarin wuta, da kuma kuɗin da ke hannu.